Tambaya da Amsa: Daga Ina Ƙugin Amfilifayar Jita Yake Fitowa?

Da yawa daga cikin wasiƙun da suka iso wannan fili a watan nan a kan abu guda suke, wato ƙugi da hayaniyar da ke fita daga amfilifayar jitar lantarki alhali mai jitar bai taɓa tsirkiya ba. Mun taƙaita waɗanda muka zaɓa saboda ƙarancin wuri, amma ba mu cire wani abin da ya shafi amsar ba.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni makaɗin jita ne a Agadas, kuma da kiɗan biki nake ciyar da iyalina. Jitata irin ƙirar Stratocaster ce mai maɗaukan sauti uku. Idan ina gwaji a gida da ƙaramar amfilifaya mai batir, ba na jin komai sai kiɗana, amma da zarar mun je wurin biki an tayar da janareto, sai babbar amfilifayar ta kama wani ƙugi mai kauri da ke hawa yana sauka, har wani lokaci ya danne kiɗan. Na kuma lura cewa idan na juya jikina ƙugin yakan ragu ko ya ƙaru. Abokan aikina sun ce amfilifayar ce ta gaji, in nemi wata. Shin gaskiyarsu ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka yi gaggawar fitar da kuɗinka, domin abin da ka ambata a ƙarshen wasiƙarka ya riga ya wanke amfilifayar daga mafi yawan laifin. Lalacewar da ke cikin amfilifaya ba ta canzawa don mai jita ya fuskanci gabas ko yamma, saboda haka ƙugin da ke bin juyawar jikinka ta cikin jitar yake shiga, ita kuwa amfilifayar ƙara masa ƙarfi kawai take yi, kamar yadda take ƙara wa kiɗanka.

Kana iya tabbatar da wannan da kanka a bikin da za ku je na gaba, kafin mutane su taru. Bayan an tayar da janareto, ka kunna amfilifayar, ka bar maɓallanta a inda ka saba barin su, sa'an nan ka zare wayar jita daga jikinta gaba ɗaya. A cikin ramin da wayar ke shiga akwai wani ɗan harshen ƙarfe da ke toshe hanyar sauti idan babu waya a ciki, don haka lafiyayyiyar amfilifaya za ta yi tsit, in ban da ɗan huci kaɗan. Idan ta yi shiru, ka mayar da wayar, ka jona jitar, ka murɗe maɓallin murya na jikin jitar har ƙasa. Ƙugin da ya tafi bayan ka yi haka daga maɗaukan sautin yake, wanda kuwa ya tsaya yana nan, wayar za ka fara zargi, sai ka ari ta abokin aikinka ka gwada. Abu guda za ka riƙa canzawa a kowane gwaji, domin wanda ya sauya waya da soket da wurin tsayuwa a lokaci ɗaya, ko da ƙugin ya tafi, ba zai san abin da ya kore shi ba, kuma ranar da ya dawo sai ya sake faro bincike daga tushe.

Dalilin da ya sa irin jitarka ta fi saurin ɗaukar ƙugi yana cikin ƙirar maɗaukin sautinta. Kowane maɗauki siririyar wayar jan ƙarfe ce, wadda ba ta fi gashin kai kauri ba, aka naɗe ta zagaye dubbai a kan maganaɗisu. Idan tsirkiyar ƙarfe ta kaɗa a samansa, sai ta girgiza ƙarfin maganaɗisun, wayar kuma ta haifar da 'yar ƙaramar wuta wadda ita ce ke zama sauti. Sai dai naɗin wayar ba ya iya bambance girgizar tsirkiya da girgizar da ke fitowa daga kowace taransifoma, ko injin fanka, ko wayar lantarki da ke kusa da shi. Wutar lantarki a Nijar da Najeriya da Ghana tana kai da komo sau 50 a kowane sakan, a Amurka kuwa sau 60, kuma wannan kai da komon ne kunne ke ji a matsayin ƙugi. Ƙaramin janareto yana ba da wannan 50 ɗin ne idan injinsa na juyawa sau 3,000 a minti ɗaya, saboda haka duk lokacin da aka ɗora masa kaya ya sassauta gudu, sai ƙugin ya sauka, idan an sauke kuma ya hau. Wannan ne hawa da saukar da kake ji. Juyawar jikinka kuma tana canza yadda naɗin wayar ya fuskanci inda girgizar ke fitowa, kuma kusan kullum akwai wata fuska da ƙugin ya fi raguwa a cikinta. Ka neme ta kafin a fara kiɗa, ka ja layi a ƙasa da ƙafarka don ka san matsayarka.

Akwai taimako a jikin jitar kanta wanda da yawa ba su lura da shi ba. A yawancin jitocin wannan ƙira na zamani, maɗauki na tsakiya an naɗe shi ne ta saɓanin sauran biyun, maganaɗisunsa ma a juye yake, ta yadda idan ka tura ɗan maɓallin zaɓi zuwa matsayi na biyu ko na huɗu, inda maɗauka biyu ke aiki tare, ƙugin ɗaya zai soke na ɗayan, sautin tsirkiya kuma ya wuce. A kan wannan dabara aka gina maɗauki mai naɗi biyu da ake kira hambaka, wanda Seth Lover ya ƙera wa kamfanin Gibson, aka nemi rajistarsa a 1955, ya kuma fara bayyana a jitocin Les Paul a 1957. Ba zan ce ka sauya maɗaukanka da hambaka kai tsaye ba, domin sautinsa ya fi kauri, kuma siririn sauti mai kaifi da aka san kiɗan jitar Agadas da shi yana iya raguwa. Idan matsayi na biyu ko na huɗu ya gamsar da kai a wuraren da ƙugin ya yi tsanani, ka riga ka sami magani ba tare da ka kashe ko tamma ba.

Ya kamata kuma ka bambance ƙugi mai kauri da wata ƙara mai kaifi irin ta "zzz", domin hanyar shigarsu daban ce, maganinsu ma daban. Mai kaifin yawanci daga fitilun biki take zuwa, musamman ƙwayayen LED masu araha, da dogayen fitilu, da cajar wayar salula da aka jera a soket ɗaya da amfilifaya, wani lokacin ma har da tartsatsin fulogin injin janareton, wanda za ka gane shi da ƙyas-ƙyas ɗin da ke bin gudun inji. Irin wannan ƙara ce ke raguwa idan ka ɗora hannu a kan tsirkiyoyi, kuma hakan ba alamar lalacewa ba ne. Jikin mutum yana tara wannan hayaniya daga iska ya miƙa wa jitar da ke manne da cikinsa, amma da zarar ya taɓa tsirkiya, wadda aka haɗa da wayar ƙasa ta cikin jitar, wato wayar da ke kwashe wutar da ba a so zuwa ƙasa, sai hayaniyar ta sami hanyar wucewa. Idan taɓa tsirkiya bai canza komai ba, mai yiwuwa 'yar wayar da ta tashi daga maƙalin tsirkiyoyi zuwa bayan maɓallin murya ce ta tsinke, kuma ɗigon dalma ɗaya ya isa gyara ta. Idan kuwa ƙarar ƙaruwa take yi in ka taɓa, a duba ko an juya wayoyi biyun da ke ramin jona waya na jitar, abin da kan faru bayan gyaran gaggawa. Mai gyara zai iya shimfiɗa siririn fallen jan ƙarfe a cikin kogon jitar da bayan murfinta ya haɗa shi da wayar ƙasa, wannan yana rage ƙara mai kaifin sosai, ko da yake ba ya tare ƙugi mai kaurin, wanda sai nisa da juyawa da naɗi biyu ke maganinsa.

A wurin biki kuwa, ka nisanta janareto da inda kuke tsayawa gwargwadon tsawon waya, kada ka tsaya dab da amfilifayarka domin taransifomar da ke cikinta ma tana fitar da nata ƙugin, ka ware wa kayan kiɗa tasu wayar daban da ta fitilu, kuma kada ka bar wayar jita ta kwanta a jere da wayar wuta. Idan dole su haɗu, su gitta juna. Wayar jitar ta zama mai rigar saƙar ƙarfe a ciki, ba wayar lasifika ba, duk da cewa kawunansu iri ɗaya ne, kuma kada tsawonta ya wuce kamar mita shida. Idan kuna tunanin komawa batir da infata don ku huta da janareto, ku nemi infatar da ke ba da wuta mai santsi irin ta layin gari, domin masu araha wuta mai tsalle-tsalle suke fitarwa, kuma ƙararsu a amfilifaya takan fi ta janareto muni. Sitabilaiza daidaita ƙarfin wuta take yi, ba ta tace hayaniya, don haka kada wani ya sayar maka da ita a matsayin maganin ƙugi.

Tambaya: Gaisuwa da fatan alheri, Malam. Ina kaɗa jita a majami'armu a Jos. Amfilifayata ba ta da ƙugi idan ita kaɗai ce, amma da zarar an ja waya daga gare ta zuwa miksa, wato na'urar da ke haɗa sautuka ta kai wa lasifikoki, sai dukan lasifikoki su ɗauki gurnani. Wani ɗan'uwa ya karya ƙafa ta uku ta fulogin amfilifayar, gurnanin kuma ya tafi. Sai dai tun daga lokacin, idan ina riƙe da jita leɓena ya taɓa makirfo, nakan ji wani ɗan tsikari. Shin akwai damuwa?

Amsa: Ɗan'uwa, akwai damuwa babba, kuma ina roƙonka kada ka sake jona wannan amfilifaya sai an sa mata sabon fulogi mai ƙafa uku, an kuma duba wayarin ginin. Ƙafar da aka karya ita ce ta wayar ƙasa, wadda ta haɗa jikin ƙarfen amfilifayar da ƙasa, domin idan wata waya mai wuta ta taɓa jikin daga ciki, wutar ta bi ta nan da ƙarfi har fis ya ƙone. Tsirkiyoyin jitarka a haɗe suke da wannan jikin ƙarfen ta cikin wayar jita. Yanzu da aka karya ƙafar, hanyar da ta rage wa wutar ita ce ta hannunka, ta ratsa ƙirjinka, ta fita ta leɓenka zuwa makirfo. Tsikarin da kake ji 'yar wuta ce da ke yoyo, wadda a da wayar ƙasa ke kwashewa, kuma ranar da wani abu ya lalace a ciki, cikakkiyar wutar soket ce za ta bi wannan hanyar.

Wannan ya riga ya ci rayuka. A watan Mayun 1972, Leslie Harvey, makaɗin jita na ƙungiyar Stone the Crows, ya rasu a kan dandamali a birnin Swansea na Birtaniya bayan ya taɓa makirfon da ba a haɗa shi da ƙasa yadda ya kamata ba, yana da shekara 27. A 1976 kuma Keith Relf, wanda ya yi suna da ƙungiyar Yardbirds, wuta ta kashe shi a cikin gidansa yana kaɗa jitar lantarki. Dukansu biyu mutane ne da suka yi shekaru suna aiki da waɗannan kaya, ba baƙi ba ne a gare su.

Gurnanin da ya sa aka karya ƙafar yana da sananniyar hanya. Amfilifayarka tana haɗe da ƙasa ta soket ɗinta, miksa ma tana haɗe da ƙasa ta nata soket ɗin da ke can bayan ɗaki, sa'an nan wayar sauti ta zo ta sake haɗa su biyun. Da haka an sami da'ira rufaffiya, kuma tun da yake da wuya ƙasan soket biyu masu nisa su yi daidai da juna sak, sai 'yar wuta ta riƙa zagayawa ta cikin rigar wayar sautin, miksa kuma ta ɗauke ta a matsayin sauti ta rarraba wa lasifikoki. Ɗan'uwan da ya karya ƙafar ya tsinke da'irar, shi ya sa gurnanin ya tafi, amma a wurin da ke tsare ranka ya tsinke ta. Wurin da ya dace a tsinke ta shi ne ɓangaren wayar sauti.

Hanya mafi sauƙi ita ce a ɗauko wutar amfilifaya da ta miksa daga soket guda, ta doguwar waya mai kyau. Ka buɗe kan wayar ka duba da idonka, domin da yawa daga cikin waɗanda ake sayarwa a kasuwa rami uku ne a soket ɗinsu amma waya biyu ce kawai a ciki. Idan hakan bai isa ba, a sa ƙaramin akwatin DI mai taransifoma tsakanin amfilifaya da miksa. A jikinsa akwai maɓallin da aka rubuta wa "ground lift", wanda ke raba ƙasan sautin na'urorin biyu ba tare da ya taɓa wayar tsaro ba. Ko kuma a bar jan waya gaba ɗaya, a girka makirfo a gaban lasifikar amfilifayar, yadda ake yi a manyan wurare da yawa, kuma a ganina sautin jita ya fi daɗi ta wannan hanya.

Bayan haka shugabannin majami'ar su kira ƙwararren mai wayarin ya auna ko ramin ƙasa na kowane soket yana kaiwa ga sandar da aka binne, ko ba a juya mai wuta da maras wuta ba a wani wuri, kuma ya duba yadda lamarin yake idan an koma kan janareto, domin ginin da ke da ƙasa mai kyau a wutar gari yana iya rasa ta idan an sauya layi. A kuma sa wa layin dandamali na'urar RCD mai miliyamfiya 30, wadda ke yanke wuta cikin ƙiftawar ido idan ta ga tana yoyo ta inda bai kamata ba. Kada kowa ya gwada makirfo da leɓe ko da bayan hannu don ya ji ko tsikarin ya tafi. Da mitar auna wuta ake auna wannan, a ɗora wayar mitar ɗaya a kan tsirkiya, ɗaya a kan ragar makirfo.

Tambaya: Salamu alaikum. Ni mai gyaran rediyo da talabijin ne a Kano. An kawo mini tsohuwar amfilifaya mai kwalabe, wato kwalaben gilashi masu ƙara ƙarfin sauti, ƙirar Amurka, tana ƙugi ko da babu jita a jikinta, ko da an murɗe murya har ƙasa. Ban saba da irinta ba. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ka yi daidai da ka tambaya kafin ka sa hannu. Manyan kafasitocin irin wannan amfilifaya, wato sassan da ke ajiye wuta, suna riƙe bolt 400 zuwa 500, kuma suna iya ci gaba da riƙe wutar bayan an zare fulogi. Ka sauke su ta cikin rizista, ba da sukudireba ba, ka auna da mita ka ga sun sauka kafin ka taɓa komai, kuma idan kana aunawa tana kunne, hannu ɗaya kawai za ka sa a ciki. Kada kuma ka kunna ta babu lasifika a jone, domin hakan yana iya ƙona taransifomar da ke kai sauti ga lasifikar, wadda samun madadinta ke da wuya da tsada.

Tun da ƙugin bai damu da maɓallin murya ba, yana shiga ne a bayan maɓallin, wato a ɓangaren samar da wuta ko a kwalaben ƙarshe. Abu na farko da za ka tantance shi ne ko ƙugin na 50 ne ko na 100. Idan aka miƙar da wutar soket ta zama mai tafiya hanya ɗaya, ragowar tsallen da ke cikinta ninki biyu yake zama, wato sau 100 a sakan, kuma aikin manyan kafasitocin ne su shafe shi. Ruwan da ke cikinsu yana bushewa da tsufa, zafi kuma yana gaggauta bushewar, saboda haka amfilifayar da ta yi shekaru da dama ba a sauya su ba, su ne abin zargi na farko. Don ka gane da kunne, ka danna tsirkiya mafi kauri a gaɓa ta uku ta wuyan jita ka kaɗa. Wannan sautin sau 98 yake kaɗawa a sakan, don haka ƙugin 100 zai yi kusan daidai da shi, na 50 kuwa yana can ƙasa da duk wani sautin da jita ke iya fitarwa, tun da mafi ƙanƙantarsa wajen 82 ne. Manhajar waya mai nuna yawan kaɗawar sauti ta fi kunne tabbaci, domin ƙaramar lasifika takan ɓoye 50 ɗin ta fito da ninke-ninkensa. Kafasitar da ta kumbura ko ta yi tsatsar gishiri a bakinta ba ta buƙatar wani awo. A sauya ta da mai daidai girma, wadda ƙarfin bolt ɗinta bai gaza na tsohuwar ba, a kuma kula da ƙafar da ke tabbatacciya (+) da wadda ke korarriya (-).

Idan na 50 ne, ka duba wayoyin da ke zafafa kwalabe, waɗanda ke ɗauke da bolt 6.3. A murɗe suke da juna da gangan don ƙuginsu ya soke kansa, kuma idan wani mai gyara ya warware su ko ya kwantar da su kusa da wayar sauti, ƙugi zai shiga. Kwalba mai yoyo daga mazafinta ma tana kawo shi, kwalaben ƙarshe biyu kuma suna kawo ƙugi, ko da yake galibi na 100 ne, idan ɗaya ta fi ɗaya gajiya, domin daidaitarsu ce ke soke wani ɓangare na ƙugin. Ƙananan kwalaben gaba, waɗanda yawanci 12AX7 ne, ko ECC83 a sunansu na Turai, ana gwada su ta hanyar ƙwanƙwasa su a hankali da gindin fensir. Wadda ta amsa da ƙara mai ƙarfi ko tsuwwa a lasifika ta kai lokacin sauyawa.

Kasancewarta ƙirar Amurka ya ƙara abubuwa biyu. An yi ta ne don bolt 120 da wuta mai 60, don haka tana buƙatar taransifomar sauke wuta mai isasshen girma, a ajiye ta nesa da amfilifayar, kuma ka sa ran taransifomar cikinta za ta fi ɗaukar zafi a kan wutarmu mai 50. Na biyu, yawancin waɗanda aka ƙera a shekarun 1950 da 1960 waya biyu ce da su, da wata 'yar kafasita da ta haɗa wutar soket da jikin ƙarfe don rage ƙara. Idan wannan kafasita ta lalace, jikin amfilifayar da tsirkiyoyin jita duk wuta za su ɗauka. Ka cire ta, ka sa waya mai ƙafa uku, ka ɗaure ta ƙasan a jikin ƙarfen da noti nata na kanta, ka kuma tabbatar taransifomar sauke wutar tana wucewa da ƙasan, kafin ka mayar wa mai ita.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni uwa ce daga Damagaram, na saya wa ɗana jita da ƙaramar amfilifaya. Tun shigowar hunturu, idan ya murɗa maɓalli sai ta riƙa ƙarar ƙarat-ƙarat, wani lokaci kuma takan yi "dit-dit-dit" ita kaɗai. Ta lalace ne?

Amsa: Barka kadai, Hajiya, Allah ya raya shi. Ba ta lalace ba. Ƙurar hunturu ce ta shiga cikin maɓallin ta kwanta a kan hanyar da ɗan harshensa ke gogawa. A kashe ta, a murɗa maɓallin daga farko zuwa ƙarshe sau da yawa, sau tari wannan kaɗai yana share ƙurar. Idan bai isa ba, mai gyara ya fesa masa ruwan wanke maɓallan lantarki, amma kada a ɗiga masa man inji ko man keken ɗinki, domin mai kama ƙura yake yi. A riƙa rufe ta da zane idan an gama. A irin wannan bushewar iska, gogayyar hannu ko riga da murfin robar jita ma tana haifar da ƙyas-ƙyas, wanda ke tafiya da kansa idan iska ta yi laima. Shi kuwa "dit-dit-dit" ɗin wayar salula ce, wadda a tsarin GSM take aika saƙonta a gutsuttsure kimanin sau 217 a sakan, amfilifaya kuma tana kama shi idan wayar na kusa. Ya cire ta daga aljihu ya ajiye ta nesa idan zai yi gwaji.

Tambaya: Malam, ina Kaduna. Na jera fedal huɗu, wato ƙananan akwatunan sauya sautin jita da ake takawa da ƙafa, a kan adafta ɗaya, sai ga huci da wata siririyar tsuwwa, musamman idan na taka mai ƙara kaurin sauti.

Amsa: Ɗan'uwa, huci irin na "shhh" kowace na'urar lantarki tana da shi, domin zafin da ke cikin rizista kansa yana haifar da shi, kamar yadda John Johnson da Harry Nyquist suka bayyana a 1928. Fedal mai kaurara sauti yana ninka duk abin da ya shigo masa sau ɗaruruwa, har da hucin da ƙugin jita, don haka wani kaso na abin da kake ji ba ya rabuwa da irin wannan sauti, sai dai a rage ninkin a ƙara muryar amfilifaya. Tsuwwar kuwa adaftar nake zargi. Ka ciyar da fedal ɗaya da batir mai bolt 9, ka jona shi shi kaɗai ka saurara, sa'an nan ka riƙa ƙara sauran ɗaya bayan ɗaya har ka ji wanda ya shigo da ita. Yawanci fedal mai ƙwaƙwalwar kwamfuta, irin mai maimaita sauti, shi ne ke zuba tsuwwarsa cikin wayar wutar da suke tarayya a kai, mai kaurarawa kuma ya ninka ta. Ka ba shi tasa adaftar daban, ko ka sayi akwatin wuta wanda kowace kafarsa a ware take da 'yar'uwarta, ka kuma haɗa jimillar miliyamfiyar da fedal ɗin ke ci ka ga ba ta wuce abin da aka rubuta a jikin adaftar ba. Kafin ka jona kowace sabuwar adafta, ka duba zanen da ke jikinta, domin yawancin fedal tsakiyar fuloginsu korarriya ce, saɓanin adaftocin wasu kayan gida, kuma juya su yana iya ƙona fedal nan take. Fedal mai rufe ƙofa idan ka daina kiɗa yana da amfani a ƙarshe, bayan an gama wannan binciken, amma a lokacin shiru kawai yake ɓoye hayaniyar, tana nan tare da sautinka duk lokacin da kake kaɗawa.